Shekarar da Ajina Ya Yi Shiru

Ni dai Allah Ya ba ni murya. Tun ina yarinya a Daura, in aka aike ni kiran yayyena daga bakin layi ba na wahalar da ƙafata. Daga tsakar gida nake kwaɗa kira, su ji su taho. Mahaifiyata takan ce da namiji ne ni, da masallacin unguwarmu ya huta da sayen lasifika. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wata firamare a wani ƙauye kan hanyar Zango, sai muryar ta samu aikin yi.

Makarantar ajujuwa shida ce a tsakiyar gonaki, ba katanga. Gero ta gabas, gyaɗa ta yamma, dawa a bayan ofishin Hedimasta. Aji biyu aka ba ni, kuma shekara tara ina riƙe da shi. Kullum da safe in hau motar Zango, in sauka a bakin titi, in ƙarasa da ƙafa. In rubuta layi uku ko huɗu a allo, in ɗauki kara in nuna, in faɗa, yara su maimaita. "Ga gona. Ga gero a gona. Baba ya je gona." In na faɗa da ƙarfi, su mayar mini da wanda ya fi nawa. Yara sun haura sittin, kowa da maƙogwaronsa lafiyayye, har kwanon rufin ajin yakan amsa.

A ƙauyen nan da kunne ake auna malami. Iyaye ba sa shigowa aji, yawancinsu ma ba su yi boko ba, amma suna gona suna noma suna sauraron makaranta. Ajin da ake jiyo karatunsa daga nesa, shi ne ajin da ake aiki. Wanda ba a ji, malaminsa barci yake ko hira. Da wannan ma'aunin babu wanda ya kama ƙafata. Da damina ƙwan zabi ba ya yanke mini, da kaka kuwa sai na nemi mai taya ni ɗaukar gyaɗa zuwa bakin titi. Duk baƙon da ya zo daga ofishin ilimi, ajina Hedimasta yake fara kai shi. Ba zan ɓoye ba, kaina ya fasu. Ina son aikina, ina son yaran nan, amma na fi son a ce na iya.

Mutum ɗaya ne bai yarda da ni ba, malamin aji uku, wanda yake karɓar yarana in sun wuce. Ya sha gaya mini cewa yaran da nake turo masa ba su iya karatu ba. Na ɗauka hassada ce kawai, don shi muryarsa ko akuyar da ke leƙen taga ba ta kora.

A wani hutun damina aka kira mu bita ta kwana biyar a Daura. Bita a wurinmu a lokacin, ka sa hannu a takarda ne, ka ci shinkafa, ka karɓi jaka da biro ka koma gida. Da wannan niyyar na je, har da sabon gyale. Wadda aka kawo ta koyar da mu wata dattijuwa ce, tsohuwar malama da ta yi ritaya, gajeriya, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Hajiya muke ce mata. Magana take yi ƙasa-ƙasa, dole ɗaki ya yi tsit kafin a ji ta. Ina ganinta na ce a raina, wannan in aka ba ta ajina kwana ɗaya sai yara sun cinye ta ɗanya.

A rana ta biyu ta tambaya ko akwai wanda yaran ajinsa duka suka iya karatu. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗaga hannu har awarwarona yana ƙara.

"Duka, Malama?" in ji ta.

"Duka, Hajiya. Ki zo ki ji, tun daga bakin titi za ki jiyo su."

"Ai ke ma na jiyo ki tun daga bakin ƙofa," ta ce. Ɗaki ya ɗauki dariya, har da ni. Da aka lafa ta ci gaba. "In kin koma, ki yi mini abu ɗaya, 'yata. Ranar da suka iya darasi sarai, washegari ki riga su zuwa, ki goge allon, ki rubuta wani abu daban, tsawon layi daidai da na jiya. Kada ki faɗa musu. Ki nuna da kara kawai, ki saurara."

Na ce to, amma raina bai so ba. Sauran kwanakin ta koya mana yadda ake fara yaro da sautin harafi ɗaya, a haɗa masa biyu su zama gaɓa, gaɓoɓi su zama kalma. Ta nuna mana murafen kwalba da aka rubuta wa haruffa, da gutsattsarin kwali, da rubutu a ƙasa da yatsa. Ta ce a raba yara ƙungiya-ƙungiya, a riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Da rabin kunne na saurara. Takardun da ta raba dai na cusa su a jaka, don jakar ta yi kyan gani.

An koma makaranta gero ya fara nuna. A mako na biyu na yi abin da ta ce, ba don komai ba sai don in samu abin gaya mata in mun haɗu. Na riga kowa zuwa, na goge maganar gona, na rubuta: "Ga tasha. Ga mota a tasha. Inna ta je tasha." Yara suka shigo suka gaishe ni suka zauna. Na ɗora kara a kan layin farko, na rufe bakina.

"Ga gona," suka faɗa da iyakar ƙarfinsu. "Ga gero a gona. Baba ya je gona."

Na ce a sake. Suka sake, da ƙarfi fiye da na farko, don sun ɗauka ƙarfin ne bai ishe ni ba. Sau uku muka yi. A na ukun wani manomi yana wucewa a keke da fartanya a kafaɗa, ya ɗago mini hannu ta taga ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama." Na amsa masa, sannan na zauna a kan tebur.

Ranar na fitar da benci ƙarƙashin darbejiya na kira su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu ne suka iya karanta abin da ke allon, kuma biyu daga cikinsu yayyensu ne ke koya musu a gida. Sauran hadda ce zalla. Ba laifinsu ba ne. Yara ne masu kaifin kunne, abin da suka ji sau biyu ya zauna. Ni ce na shekara tara ina zuba musu magana a kunne, idonsu ba a ba shi aiki ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji baƙin ciki, don na tuna duk waɗanda suka wuce ta hannuna. Da aka tashi na sami malamin aji uku yana ɗaure littattafai a babur, na ce ya yafe mini, gaskiyarsa ce. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ai na sha faɗa miki, Malama. Muryarki ce ba ta bari ki ji ta wani."

Na koma gida na zazzage jakar bita. Daga ranar na zama mai tsintar murafen kwalba. Mai shayin tasha ya riƙa tara mini a leda, mai shagon layinmu ya ba ni kwalayen taliya. Maigidana ya shigo ya tarar da ni zaune a tabarma cikin tulin tarkace, ya ce shi dai malama ya aura, bai san yaushe aka musanya masa da 'yar jari-bola ba. Bai gama tsokanar ba na miƙa masa almakashi, shi ya yanka mini rabin kwalayen.

Na raba ajin takwas-takwas. Wasu a ciki da murafe suna haɗa ba da bi da bu, wasu a waje ƙarƙashin darbejiya suna rubutu a ƙasa, ni kuma ina zagayawa ina durƙusawa wajen kowane. Da farko hargitsi ne. Murafe suka riƙa ɓacewa, wasu yaran suka mayar da su motoci. Amma a hankali abin ya fara kamawa. Ranar da wani yaro mai in'ina ya jera murafe huɗu ya karanta "baki" shi kaɗai, ya ɗago ya kalle ni kamar ya tsinci kuɗi a hanya, na ji daɗin da duk ƙwan zabin shekara tara bai ba ni ba. Abu ɗaya ne ban lissafa ba: ajina ya yi shiru. Abin da ke fita ta taga bai wuce gunaguni ba.

Lokacin kuwa ana cirar gyaɗa, mata sun cika gonar da ke jikin ajina suna tsinka. Wata tsohuwa a cikinsu ta fara zuwa, da ƙullin citta da kanumfari a gefen zane. Ta ce, "Malama, mun ji muryar ta dushe. Ki dafa wannan ki sa zuma, kwana biyu za ta buɗe." Na yi godiya na karɓa, na ce lafiyata ƙalau. Da suka tabbatar lafiyata ƙalau ɗin, sai magana ta juya. Aka fara cewa tun da aka kai Malama bita Daura aka lalata ta. Gyaɗar da ake aiko mini ta tsaya cak.

Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji dillalin tumaki, mai cin kasuwar Mai'adua. Mutum ne mai karatun Alƙur'ani, amma bai yi boko ba. 'Yar autarsa tana ajina, kuma ita ce sarauniyar hadda, ita ke jan baƙi in na fita. Da can in ta koma gida takan rera masa darasi daga farko har ƙarshe, shi kuma yana jin daɗi yana kiran maƙwabta su ji. Yanzu tana komawa da ƙasa a gwiwa da murafen kwalba a aljihu, in ya ce ta yi karatu sai ta ce "ba, bi, bu." Ya zo da kansa wata safiya, ya tsaya daga nesa ya ga yara tsugune suna zane a ƙasa, ya wuce ofishin Hedimasta ko gaishe ni bai yi ba.

Hedimasta dattijo ne mai kirki, amma rigima yake gudu kamar ruwan zafi. Ya kira ni ya ce, "Malama, iyaye sun ce sun daina jin karatu. Alhaji ya ce wasan ƙasa kike sa musu 'ya'ya. Ƙarshen wata za su zo su duba. In ba su gamsu ba, ba yadda zan yi, sai na karɓi aji biyu na ba wani, ke ki koma kula da rajista da sito." Sannan ya rage murya. "Ko dai ki riƙa sa su ihun nan ko na minti goma ne da safe, gonaki su ji, sannan ki yi naki?"

Gaskiya na gwada, sau ɗaya. Na rubuta maganar gona, na ɗaga murya, yara suka amsa da murna kamar an sako su daga turke. Wata mata a gonar gyaɗa har guɗa ta yi. Ni kuwa ji na yi kamar na saci abu. Ban sake ba. Amma tsoro bai bar ni ba. Kullum a motar komawa Daura ina hango kaina zaune a sito ina ƙirga tsintsiya, wani kuma yana cikin ajina yana mayar da yarana gidan jiya.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata suka zo, Alhaji da Mai Unguwa da wasu iyaye uku. Aka jera musu benci a gaban aji. Bayan an gaisa Alhaji ya ce, "To, Malama, a yi mana karatu irin na da mu ji."

Na ce, "Alhaji, irin na da in kana so yanzu sai a ji shi a Zango. Amma ga wata shawara. Ka fita da Hedimasta, ka raɗa masa duk maganar da ka ga dama, wadda ni ban ji ba, yara ba su ji ba. Ya rubuta a allo. Kai da kanka ka zaɓi wanda zai karanta."

Ya kalle ni irin kallon da yake wa rago kafin ya taya. Sannan ya tashi, ya ja Hedimasta har bayan darbejiya. Da suka dawo Hedimasta ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ɗauki alli ya rubuta da manyan baƙi: "Malama ba ta koyar da komai." Jinina ya tafasa. Da a Daura ne, da unguwa ta ji abin da zan faɗa. Na haɗiye, na ce ya zaɓa.

Ya nuna 'yarsa. Gabana ya faɗi, don yarinyar nan ita ta fi kowa shan wuya da sabon tsarin. Bakinta ya saba riga idonta, kullum sai na ce ta tsaya ta duba tukuna. Ta fito tana jan hijabi, ta kalle ni tana jiran in faɗa ta maimaita. Na kawar da kai. Ta juya ta ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko.

"Ma," ta ce. Ta daɗe. "La. Ma. Malama."

Ta wuce "ba" da "ta" ba wuya. A kan "koyar" ta maƙale, don wannan harafin na ƙarshe da ke tsaye shi kaɗai ba mu daɗe da fara irinsa ba. Na cusa bakin gyalena tsakanin haƙora don kada kalmar ta kuɓuce mini. Ajin ya yi tsit, har muna jin hirar matan gonar gyaɗa. "Ko. Ya." Ta koma baya ta sake. Leɓenta yana motsi. "Koyar," ta ce a ƙarshe, sannan "da," sannan "ko, mai." Ta koma farkon layin ta karanta shi a haɗe, yadda na koya musu. Sai ta tsaya. Na ga maganar ta shige ta. Ta juyo ta dubi mahaifinta da fuska a murtuke ta ce, "Baba, wa ya ce?"

Mai Unguwa ne ya fara dariya, har hularsa ta karkace, sauran suka biyo. Alhaji bai yi ba. Ya tambayi Hedimasta ko ya yi mata wata alama, Hedimasta ya ce a gabansa aka yi komai. Ya sa aka rubuta wata maganar, ta raguna uku da tunkiya, ya zaɓi yaro daga can baya. Wannan ya kasa, ya tsaya a kalma ta biyu yana zare ido, ni kuma na ce gaskiya ne, shi da wasu da yawa sai nan gaba. Yaron da ke kusa da shi kuwa ya karanta. Mai Unguwa ya ɗauki murfin kwalba ɗaya yana juyawa ya ce, "Alhaji, ashe babbaƙu da farfaru take yi musu. Mu ma a makarantar allo ai da sanin baƙi aka fara mu, sannan wasali, kafin a zo hadda. Mun manta ne kawai."

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Shekara talatin ina kasuwa, in aka miƙo mini takarda sai na nemi mai karanta mini." Ya miƙe ya sake jan Hedimasta waje. Wannan karon ba su yi nisa ba. Hedimasta ya dawo ya goge allon tas, ya yi sabon rubutu, ya kauce. Alhaji ya ce wa 'yarsa, "Zo ki karanta wannan, ki ɗaga murya."

Ta ɗora yatsa. Bai ɗauke ta rabin lokacin na farko ba. "Malama, ki yafe mini."

Kowa ya juyo yana kallona, yara sittin da dattawa biyar. Na buɗe baki in ce ba komai, Alhaji, ai duk don yaran muke yi. Idona ya ciko. Na dai faɗa, amma ni kaina da ƙyar na ji. Mai Unguwa ya karkato kunne ya sa hannu a bayansa.

"Malama," ya ce, "ki ƙara faɗa. Ba mu ji ki ba."